Tambaya da Amsa: Rage Iskar Taya a Rairayi da Batun Wili Mai Bidlok

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne kuma ɗan kasuwa a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sule Tankarkar a jihar Jigawa. Ina da Hilux wadda nake kai riɗi da zoɓo da ita kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kuma kafin in hau kwalta sai na ratsa rairayi mai zurfi inda motar takan kafe da rani. Wani direba ya ba ni shawarar in riƙa rage iskar taya, na gwada kuma na ga amfanin hakan, sai dai wata rana tayar gaba ta fice daga wili a kan kwana. Ɗana ya nuna mini hoton wani wili mai zobe da notuna a bakinsa, wai shi bidlok, ya ce shi ne maganin matsalar. Shin in saya?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Shawarar da direban ya ba ka daidai ce, bayanin ɗanka game da aikin wannan wili shi ma gaskiya ne, amma a ganina kuɗinka yana da wurin da ya fi dacewa da shi.

Idan taya ta cika da iska, ɗan ƙaramin sashe ne nata yake taɓa ƙasa, saboda haka nauyin motar yakan taru a wuri guda, tayar ta riƙa nutsewa tana tara rairayi a gabanta, injin kuma ya yi ta fama da tudun da motar ta gina wa kanta. Da an rage iska sai sawun tayar ya ƙara tsawo, ya ɗan ƙara faɗi, nauyin ya bazu, kamar yadda tafin raƙumi yake buɗewa idan ya taka yashi. Motoci irin taka sukan yi tafiyar kwalta da iska tsakanin 30 zuwa 35 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira psi idan babu kaya, masu tuƙin rairayi kuwa sukan sauko zuwa 18 ko 16. Wannan lissafi na motar da ba ta da nauyi ne. Idan ka loda buhunan riɗi, tayoyin baya suna ɗauke da abin da ya fi ƙarfin irin wannan iska, don haka kada ka kai su inda ka kai na gaba. Ka fara da 25 a baya da 20 a gaba, ka gwada, sannan ka ƙara ragewa kaɗan-kaɗan idan motar tana neman kafewa.

A taya marar tif, ƙarfin iskar da ke ciki ne yake danne leɓen taya, wato bakinta mai tauri na ciki, a jikin wili, tare da taimakon wani ɗan tudu da aka yi a cikin wilin. Iskar tana raguwa, riƙon yana raguwa. Idan aka yi ƙasa da psi 15, musamman aka kusanci 10, sannan direba ya murɗa sitiyari da ƙarfi yana cikin gudu, rairayin yakan tura gefen tayar ciki, leɓen ya zame, iskar ta fice gaba ɗaya. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan, kuma ba zan yi mamaki ba idan da tsinke aka danna bawul aka auna da ido, domin haka akasarin direbobinmu suke yi. Ido ba ya bambance 18 da 11.

Shi wili mai bidlok yana da zoben ƙarfe da ake ɗorawa a kan leɓen taya na waje, a ɗaure shi da notuna masu yawa, galibi daga 16 zuwa 32, ta yadda leɓen zai matsu tsakanin ƙarfe biyu, ba ya dogara da iska. Da shi ana iya saukowa har psi 8 ko ƙasa da haka taya ba ta fice ba, shi ya sa masu tseren sahara da masu hawan duwatsu da mota a Amurka suke amfani da shi. To amma mota mai ɗauke da kaya ba ta da abin yi a irin wannan ƙarancin iska, domin ko da leɓen bai zame ba, gefen tayar zai yi ta lanƙwashewa har ya yi zafi ya lalace daga ciki, ga kuma ƙayar aduwa da kututturen dawa da ke jiran gefen taya mai kumburi a hanyoyin gona.

Akwai kuma ɗawainiya. Notunan suna bukatar a ɗaure su bi da bi, wannan ya fuskanci wancan, da sifana mai awon ƙarfi, a kuma riƙa duba su a kai a kai saboda sukan saki ko su karye. Wilin ya fi na gama-gari nauyi, daidaita shi don kada ya yi rawa a kwalta yana da wuya, kuma a wasu ƙasashe ba a yarda a hau titi da irinsa ba. Ba kowane mai faci ne a Gumel ko Maigatari zai taɓa kwance irinsa ba, kuma faci ɗaya zai iya cinye maka rabin yinin kasuwa. A kula kuma, akwai wilin ado mai notuna a baki waɗanda ba sa riƙe komai, ana sayar da shi ne don kyan gani kawai.

Abin da zan ce ka saya shi ne geji mai kyau na auna iskar taya da famfon iska mai aiki da batirin mota. Ka auna kowace taya kafin ka shiga rairayi, ka saka giyar ƙafa huɗu tun kafin motar ta fara nutsewa, kada ka wuce kilomita 40 a awa, ka buɗe kwana sosai, ka kuma guji taka birki da ƙarfi. Idan tayoyi suka fara juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafa daga totur ya fi, ka koma baya a kan sawunka. Fitar sassafe tana taimakawa, domin rairayi ya fi tauri kafin rana ta gasa shi. Da zarar ka iso bakin kwalta ka mayar da iskar, kada ka ce sai ka isa gari, saboda gudu da kaya a kan taya mai ƙarancin iska yana cikin manyan dalilan fashewar taya. Idan leɓen ya sake zamewa, a ɗaga motar da jak a kan katako, a wanke rairayin da ya shiga tsakanin taya da wili, sannan a buga iska. Dabarar nan ta zuba fetur a ƙyasta ashana don taya ta koma mazauninta ganganci ne da rai, kada ka bari a yi maka ita.

TAMBAYA: Ni ɗan acaɓa ne a yankin Ɓaɓura. Shin wannan rage iska ya shafi babur mai tif?

AMSA: Ya shafe shi, amma da iyaka. Idan iskar ta yi ƙasa sosai, tayar takan zame a kan wili ta ja tif ɗin tare da ita har bawul ya tsinke daga tushe, ko kuma tif ya matsu tsakanin wili da wani abu mai tauri ya huje wuri biyu. Ka rage kaɗan kawai, ka bar ta baya da ƙarfinta idan za ka yi goyo ko ɗaukar buhu. Ka riƙa duban bawul ɗin: idan ka ga ya karkace maimakon ya tsaya a miƙe, tayar ta fara zamewa, sai ka je wurin mai faci ya sace iskar ya gyara zaman tif ɗin.