Amsa: wane madubin hangen nesa ya dace da ƙungiyarmu ta Tahoua?

Malam, ka tambaya wane madubi za ku saya tunda kun haɗa kuɗi don kafa wurin kallon taurari. Ni dai in da ni ne, irin na Dobson zan ɗauka, wato babban bututu mai madubi a ƙasansa da ke zaune kan gindi mai juyawa, mai faɗin milimita 200. Ba ya son lantarki, da hannu ake juya shi, yaro ma zai iya. Kada lambar girman gani irin "ninki 500" da ake rubutawa a kwali ta ruɗe ku, faɗin madubin ne ke tara haske. Da shi za ku ga zoben duniyar Zuhal da watanni huɗu masu kewaya duniyar Mushtari, waɗanda masanin taurari Galileo ya gani a 1610.

Babban abokin gabarku ƙura ce. Namu na Yamai mun bar shi a buɗe dare ɗaya cikin hunturu, mun sha wahala. Ku rufe shi, kuma kada a goge da tsumma, yana karcewa.

Ku fita bayan gari, daga ƙarshen damina kafin hazo ya sauko. Taurarin Kaza da ƴaƴanta kuwa, ƙaramin madubi mai ido biyu ya fi nuna su. Rana kada a kuskura a kalle ta da madubin, makanta ce nan take.