Amsa ga ɗan'uwan da ke dawowa daga sintiri da tofido cike a Silent Hunter 3, gem ɗin jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu

Salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta, wato ka tashi daga Wilhelmshaven ka zagayo ta saman Sikotilan ka isa girid ɗin, wato yankin teku a taswira, da BdU, hedkwatar jiragen ƙarƙashin ruwa, ya ba ka, ka yi awa 24 ɗin da aka ce kana kai da kawowa ba ka ga ko kwale-kwale ba, mai ya yi ƙasa ka juyo gida da tofidonka, bama-baman da ake harba wa jirgi ta cikin ruwa, yadda ka fita da su, ranar da kuma Allah ya haɗa ka da ayari distiroya, jirgin yaƙin da ke rakiyarsa, ce ke fara ganinka tun ba ka harba komai ba. Har kana tambaya ko ka rage riyalizim ne, wato saitin wahalar gem ɗin, ko ka goge gem ɗin ka huta. Don Allah kar ka goge. Na san wannan takaicin sarai, na sha kwana da shi.

Girid ɗin da suke ba ka ɗan maki ne kawai a cikinsa, ka je ka cika awa 24 ɗinka, daga nan babu wanda ya ɗaure ka, tekun naka ne. Kuma su 'yan tsaron da ke tsaye a saman jirgi kar ka dogara da su, a gem ɗin asali kilomita 8 ne iyakar ganinsu, mod, wato gyaran da ake ɗora wa gem, ne ke kai shi 16, in aka samu hazo ko ruwan sama kuwa sai jirgi ya wuce ta gefenka ba wanda ya ce uffan. Kunne za ka yi aiki da shi. Duk bayan 'yan awanni ka nutse kamar mita 25 zuwa 30, ka kashe inji, ka je ka zauna kan haidirofon ɗin, na'urar sauraren ƙara a cikin ruwa, da kanka ka sa iyafis ka juya shi a hankali har ka zagaye, domin kai kana jin ƙarar farfela daga nesa sosai tun kafin yaron da ke aikin haidirofon ya buɗe baki, sannan ka ɗan karkata jirgin ka sake saurare saboda bayanka kurma ne. Jirgin kaya za ka ji shi dum dum dum a hankali da nauyi, na yaƙi kuma sauri-sauri siriri, kana yi kana yi kunnenka zai saba. Batun mai kuma, ka daina gudu. Not 7 ko 8 (not shi ne ma'aunin gudun jirgin ruwa) ya ishe ka a jirgi samfurin Type VII, ka tambayi nabigeta nisan da man zai kai ka a wannan gudun, zai faɗa maka, ka ajiye gudun ƙarshe sai ranar da rediyo ya kawo rahoton ayari kana son ka tare shi.

Kamar mai jiran mota ne, a mararraba ake tsayawa. Jiragen nan duk inda suka fito tashar Ingila suka nufa, to ka je inda hanya ta matse, su girid AM52 a yamma da ƙofar Liverpool, BF13 a kudu da Ailan musamman 1939 zuwa tsakiyar 1940, CG95 in ka samu damar sauka wajen Jibiralta. Amma ka ji ni da kyau, kafin ka zauna a ko'ina ka sa a auna zurfin da ke ƙarƙashinka, in bai kai mita 150 ba ka matsa yamma. A kan wannan maganar na rasa jirgin da na fi so, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Akwai wani a wani guruf da nake ciki a da, ba zan kama suna ba, kullum sai ya liƙo hoton sakamakonsa na nutsar da jiragen tan dubu ɗari da wani abu a fita ɗaya, yana ce wa mutane matsorata, wai duk wanda ke zama a zurfin teku yana saurare ba kyaftin ba ne mai gadi ne. Ni kuma a lokacin ina da jirgi samfurin VIIC, aikin da na faro tun daga ƙaramin Type II a 1939, ina buga irin salon nan na in ka mutu ka mutu, babu komawa sebin, yaran nan na san sunayensu, mai haidirofon ɗina da babban injiniya duk ni na ɗaga su da lambobin yabo har muka kai ƙarshen 1942 a St. Nazaire. Ya bi ni har inbos yana rantsuwa cewa in na shiga bakin North Channel, mashigin da ke tsakanin Ailan da Sikotilan, can ciki kusa da gaɓa zan tarar da ayari a jere, 'yan rakiya ma barci suke a wurin, shi kullum can yake cika jakarsa. Ko sau ɗaya bai faɗa min cewa shi riyalizim ɗinsa bai kai rabi ba, kamarar waje a buɗe, tofidonsa ba ya ƙin tashi, kwamfuta ke yi masa lissafin harbi, in an kashe shi kuma ya loda sebin ya sake. Sai daga baya wani ya nuna min hoton saitinsa. Haba malam, ka buga yadda kake so ba wanda ya hana ka, amma ka faɗi gaskiya mana kafin ka tura mutum.

Da asuba na shiga, ban ma ga ayarin da idona ba sai ƙararsa, kawai na ji mai haidirofon yana kiran jirgin yaƙi yana matsowa da sauri, kafin in ce me ga na biyu. Na danna C muka yi ƙasa, mita 60 da ɗoriya sai ga ƙasan teku, babu inda za a ƙara. Na sa Z kowa ya yi tsit. Sai wannan ƙarar ASDIC ɗin, na'urar da suke laluben jirgin ƙarƙashin ruwa da ita, ta fara, tin... tin... tana matsowa tana ƙara sauri, ɗaya ya tsaya cak yana saurare ɗaya yana bi ta kaina, in wannan ya zubar da bama-bamansa sai su yi musanya, kai ka ce sun san gwiwata ta riga ta yi sanyi. Na ji farfela a saman kaina, na ji an yi ihun Wasserbomben, wato bama-baman ruwa, fitila ta ɗauke ta dawo, gilashin agogunan ɗakin kwamanda ya farfashe, na buɗe allon ɓarna na ga ɗakin baya ya yi ja ruwa yana hawa, injin lantarki ɗaya ya tafi. In na bar tafiyar shiru don a yi gyara su ji ƙarar guduma, in na ci gaba da shiru ruwa ya cinye mu, batir yana sauka, iskar numfashi tana sauka. Dare ya raba a ɗakina ina zaune hannuna na rawa a kan maus, na ja su a haka lokaci mai tsawo ina ɗan jan jiki da not 1 zuwa yamma ko Allah zai sa in kai inda ƙasa ta zurfafa, har na fara sa rai don sun ɗan yi nisa, sai ɗayan ya juyo. Babban injiniyana ne ya fara mutuwa a ɗakin baya, ina kallon hotonsa ya canza launi. Daga nan allo ya yi baƙi. Da na ba da labari a guruf abin da mutumin nan ya rubuto shi ne wai ban iya ba ne, har da alamar dariya. Na fita daga guruf ɗin a ranar, kuma na daɗe ban iya buɗe gem ɗin ba.

To shi ya sa nake ce maka zurfi. VIIC tana ɗaukar mita 200 in jikinta lafiya, kana can ƙasa bam ɗin yana ɗaukar lokaci kafin ya iso ka, wannan lokacin shi ne ranka. In ka ji distiroya ta taho da gudu ta hau kanka to a lokacin ba ta jinka, ka ba da wuta gaba ɗaya ka murɗa sitiyari ka canza zurfi, bama-baman na gama fashewa ka koma not 2 ko ƙasa da haka. Kar ka ba ta gefenka tana fingin da ASDIC, ka ba ta hanci ko wutsiya. Kuma kar ka tsaya loda tofido 'yan rakiya na kusa, ƙarar tana tona ka. Daga 1942 akwai Bold, gwangwani mai fitar da kumfa don ya ruɗe ASDIC, ka sake shi ka bar wurin, amma fa wani lokaci yana taimako wani lokaci kamar ka kira su ne.

Batun ayari da ka ce suna ganinka, ina kyautata zaton bin su kake daga baya ko kana shigowa ta gefe da rana. Ka tsaya nesa inda hayaƙinsu kawai kake hange, ka zana hanyarsu a taswira, ka zagaye su a saman ruwa da gudu ka je gabansu ka nutse ka jira su zo su same ka, kai kana kwance shiru feriskof, madubin leƙen saman ruwa, yana leƙowa daƙiƙa kaɗan yana komawa. Gudunsu kuma ka sa alama a taswira, ka danna agogo minti 3 da daƙiƙa 15, ka sake sa alama, in tazarar mita 700 ce to not 7 suke yi, ayarin SC, masu tafiyar hawainiya da ke zuwa Ingila ta Atlantika, dama wajen nan suke, ayarin HX sun ɗan fi sauri wajen 9. Ka danna Q ka buɗe ƙofar bututu kafin ka harba, in ba haka ba tofidon zai makara ya bi ta bayan jirgin, mutane da yawa a nan suke asara ba su sani ba. Tsakanin mita 500 da 1000 nake harbi, ƙasa da 300 ba zai tashi ba. Da rana tofidon G7e mai lantarki don ba ya barin layin kumfa, da dare G7a. Fistol na maganaɗisu, wato abin da ke tayar da tofido, a 1939 da 1940 ni kam ban yarda da shi ba balle in teku ta tashi, su kansu Jamusawan sun sha wuyarsa a Nowe a Afrilun 1940.

Kuma ka riƙa duba kalanda, domin salon da ya yi maka aiki bara shi zai kashe ka bana. A 1940 da dare mara wata kana iya kutsawa tsakiyar ayari a saman ruwa irin na kyaftin Kretschmer da jirginsa U-99, a haka aka yi wa ayarin SC 7 kaca-kaca a Oktoban 1940, jirgi 20 cikin 35. Amma shi kansa Kretschmer an kama shi a Maris 1941, watan da manyan kyaftin Prien da Schepke suka mutu. Da rada ta yawaita wannan wasan ya ƙare. In ka kai 1943 mashigin Biske da ke yamma da Faransa kaɗai ya ishe ka, jirgin sama da fitilar Leigh mai haska teku da dare, Metox ɗinka, na'urar gano rada, kuma ba ya jin sabuwar radarsu, kar ka wuce ninki 128 a saurin gudun lokaci a wurin, in ka ga jirgin sama ka nutse kawai ka manta da bindigar kakkaɓo shi. A Mayun 1943 jirgi 41 Jamusawa suka rasa har shugabansu Dönitz ya janye su daga arewacin Atlantika, to in a wannan shekarar ka nutsar da jirgi biyu ka dawo da yaranka, wallahi ka yi ƙoƙari, kar hoton kowa ya dame ka.

Ni yanzu ma na koma Type IX daga Lorient, ina sauka kudu wajen Firitawun ta Saliyo, girid ET, tafiya ce mai nisa amma jirage masu tafiya su kaɗai sun fi yawa, ga zurfi, in teku ta kwanta bindigar saman jirgi mai milimita 105 ta gama aiki ba sai ka taɓa tofido ba. A can ne U-107 ta nutsar da jirgi 14 a fita ɗaya a 1941. Sai dai wani abu yana taɓa ni a wurin, domin ayarin SL masu zuwa Ingila a Firitawun suke haɗuwa, ciki har da jiragen da suka taso daga Legas da gyaɗa da ƙwarar manja, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma cikin ma'aikatan jiragen nan. Wani lokaci ina kallon jirgi a feriskof sai in tuna wataƙila buhunan da ke cikinsa daga Kano jirgin ƙasa ya kwaso su, sai jikina ya yi sanyi, akwai wanda na bari ya wuce saboda haka.

Riyalizim kuwa ka rage abin da ke hana ka jin daɗi, babu kunya a ciki. Ni zan ce ka bar alamun jirage a taswira a kunne har hannunka ya faɗa da lissafi, amma ka bar ƙarancin mai da batir da tofido mai ƙin tashi yadda suke, su ne ke koya maka haƙuri. Saboda ɗauke wuta kuma ka riƙa sebin, amma a saman ruwa, nesa da gaɓa, babu jirgi kusa, kowane da sabon suna, sebin a ƙarƙashin ruwa yana lalacewa. Ka faɗa min shekarar da kake ciki da fulotilarka, wato rundunarka, da ko mod ɗin GWX ka ɗora ko gem ɗin asali ne, in Type II ce ma tofido 5 gare ka kuma man ba zai kai ka su AM52 ka zauna ba, sai mu duba maka wuri a gabashin Sikotilan.