Horar da direban injin ɗaga kaya shi kaɗai ya wadatar?

Tambaya: Ni ne mai kula da ma'aikata a sashen walda da harhaɗa ƙarafa na wata masana'anta. Muna da injin ɗaga kaya irin wanda ke tafiya a kan dogo biyu a can saman ɗakin aiki, mai ɗaukar tan 10. Direbansa ya shekara takwas yana wannan aiki ba a taɓa samun hatsari a hannunsa ba, amma ɗaurin kaya duk wanda ya fi kusa shi ke yi. Masu kamfanin sun amince a tura direban kwas, sai dai sun ce sauran ba sa buƙata, tunda ba su ne ke riƙe da na'urar sarrafa injin ba. Shin hakan ya isa? Kuma me ya kamata horon ya ƙunsa?

Amsa: Malam, hakan bai isa ba, kuma ina ba ka shawarar ka koma wurin masu kamfanin da wannan magana tun kafin a biya kuɗin kwas ɗin. Direba yana iko ne da abin da ke sama da ƙugiya, wato gadar injin da keken da ke yawo a kanta da birki da wayar da ke naɗuwa a ganga. Abin da ke ƙasa da ƙugiya kuwa, daga zaɓen sarƙa ko igiyar waya ko bel zuwa yadda aka zagaya shi a jikin kaya, yana hannun mai ɗauri ne, kuma idan ɗaurin ya ɓaci, ƙwarewar direba ba za ta riƙe kaya a sama ba. Saboda haka mutum uku horon ya shafa: direba, da mai ɗaurin kaya, da mai ba da ishara, ko da a wurinku mutum ɗaya ne ke yin biyu daga cikin ayyukan.

Abu na farko da ake koya wa mai ɗauri shi ne kada ya ɗaga abin da bai san nauyinsa ba. Idan babu nauyin a rubuce a jikin kayan ko a takardar da ta zo da su, lissafi ake yi. Dunƙulen ƙarfen gini mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri nauyinsa kusan kilo 7,850 ne, na kankare kusan kilo 2,400, na ruwa kilo 1,000. Farantin ƙarfe mai tsawon mita 2, faɗin mita 1 da kaurin milimita 25, ke nan, ya kai kilo 392 da ɗoriya, alhali a ido kamar mutum huɗu za su iya ciccibarsa. Bayan nauyi sai cibiyar nauyin, domin dole ƙugiya ta tsaya daidai samanta kafin a ja. In ba haka ba, da zarar kaya sun bar ƙasa za su karkata ko su yi lilo don neman daidaituwa, kuma wanda ke tsaye a gefe shi ne a hanyarsu.

Inda na fi so ka tsaya ka fahimta da kyau shi ne maganar kusurwa, don ita ce ta fi yaudarar ma'aikata, har waɗanda suka daɗe a aikin. A ɗauka za a ɗaga kaya mai nauyin tan 2 da sarƙa mai ƙafa biyu. Kowa zai ce kowace ƙafa tana ɗauke da tan 1, kuma haka ne idan ƙafafun sun miƙe tsaye cak. Amma da zarar an buɗe su, jan da ke kan kowace ƙafa yana ƙaruwa, ko da yake nauyin kayan bai canza ba. Idan kusurwar da ke tsakanin ƙafar da saman kayan digiri 60 ce, kowace ƙafa tana jan kilo 1,155. A digiri 45 ta koma kilo 1,414. A digiri 30 kuwa kowace ƙafa tana ɗauke da kilo 2,000, wato nauyin kayan gaba ɗaya, kuma ƙasa da haka jan yana hawa da sauri ƙwarai, shi ya sa ƙa'idar aiki ta hana sauka ƙasa da digiri 30. Akwai hanya mai sauƙi ta aunawa a filin aiki: idan tsawon kowace ƙafa ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin wuraren da aka maƙala su a jikin kaya, kusurwar digiri 60 ce. Idan ƙafafun sun fi tazarar gajarta, a sake lissafi ko a nemo sarƙa mai tsawo.

Na taɓa tsayar da wani ɗagawa a wata ma'aikata saboda wannan. An zo ɗaga wani dogon ƙarfe, sarƙar da ta dace tana can wani sashe, sai wani matashi ya jawo gajeriya ya miƙar da ƙafafunta zuwa ƙarshen ƙarfen biyu, har ta kusa kwanciya a bayansa. Ya nuna mini tambarin da ke jikin sarƙar yana cewa ai nauyin bai kai abin da aka rubuta ba. Gaskiya ya faɗa game da tambarin, sai dai babu wanda ya taɓa gaya masa cewa lambar da ya karanta tana da sharaɗin kusurwa. Ba ganganci ya yi ba, rashin koyarwa ne, kuma direban da ke sama bai ga aibin ɗaurin ba daga inda yake.

Salon ɗaurin ma yana canza ƙarfin maɗauri. Ɗaurin zarge, inda ake zagaya kaya a zura ƙarshen maɗaurin cikin kansa, yana rage abin da zai iya ɗauka zuwa kashi 75 ko 80 cikin 100. Sarƙa mai ƙafa huɗu kuma ba a ƙidaya ta a matsayin huɗu, domin a kan kaya masu tauri da ba sa lanƙwasa, sau da yawa ƙafa biyu ne ke ɗauke da nauyin, sauran suna daidaita shi ne kawai. Gefen ƙarfe mai kaifi yana yanka bel ɗin zare cikin ƙiftawar ido idan ba a sa masa kariya ba. Ba a ƙulla sarƙa don a gajarta ta, ba a maye gurbin fil ɗin mahaɗi, wato ƙarfen da ke haɗa maɗauri da kaya, da kusar noti da aka tsinta a ƙasa, kuma ba kowace sarƙa ce ta ɗaga kaya ba, sai wadda aka ƙera don haka, irin mai daraja ta 80 ko ta 100 a ma'aunin ƙarfin sarƙa.

Daga nan sai duba kayan aiki, wanda ya kamata a koyar da shi da hannu, a ajiye wa ɗalibai lalatattun maɗaurai su gano aibinsu da kansu. A Amurka, ƙa'ida mai lamba 1910.184 ta OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ce a cire maɗaurin waya daga aiki idan aka sami zaren waya 10 da suka tsinke a warwatse cikin tsawon murɗi ɗaya, wato tsawon da tufka ɗaya ke ci kafin ta zagaya igiyar sau ɗaya, ko 5 a cikin tufka ɗaya a wannan tsawon, haka nan idan ya murɗe ko ya buɗe ko zafi ya taɓa shi. Ƙa'ida mai lamba 1910.179, wadda ta shafi injin kansa, ta ɗauki ƙugiyar da bakinta ya buɗe fiye da kashi 15 cikin 100, ko ta murɗe fiye da digiri 10, a matsayin lalatacciya. A Birtaniya, dokar LOLER ta 1998, wadda ta shafi injuna da kayan aikin ɗaga kaya, ta wajabta cikakken bincike daga ƙwararre duk wata 6 ga maɗaurai da mahaɗai, da duk wata 12 ga injin. Bel ɗin da aka yi bisa ma'aunin Turai yana da launi mai nuna ƙarfinsa, shunayya tan 1, kore tan 2, rawaya tan 3, ruwan toka tan 4, ja tan 5, amma maiƙo da rana suna sauya launi, don haka tambari ake karantawa. Maɗaurin da tambarinsa ya ɓace ko ya goge an daina aiki da shi ke nan, kuma a ra'ayina a yanka shi gida biyu, don wanda aka jefar a kwana yakan dawo aiki bayan mako guda.

Shi kuwa direba, abin da kwas zai ƙara masa bayan shekara takwas shi ne tsari. Kafin fara aikin kowace rana zai gwada maɓallan sarrafawa da na tsayawar gaggawa da ƙaho, ya gwada na'urar da ke tsayar da ƙugiya idan ta kai ƙurewar sama, a hankali kuma ba tare da kaya ba. Wannan na'ura ta kariya ce, ba a mayar da ita birkin yau da kullum. Idan kaya sun kusa iyakar ƙarfin injin, zai ɗaga su kaɗan daga ƙasa ya tsaya, a ga birki ya riƙe kuma ɗaurin ya zauna, sannan ya ci gaba. Ba zai ja kaya ta gefe ba, domin an gina injin ne don ɗagawa a miƙe, kuma jan gefe yana fitar da waya daga ramukanta a ganga. Ba zai fizgi kaya ba, ba zai saukar da ƙugiya har abin da ya rage a ganga ya gaza naɗi biyu ba, ba zai bar kaya a rataye ya tafi ba, kuma ba zai ratsa da su ta kan mutane ba ko da na daƙiƙa ɗaya ne. Lokacin gyara kuma a kashe wutar injin daga babban makunni, a sa kwaɗo, mai gyaran ya riƙe makullin a aljihunsa.

Maganar ishara gajeriya ce amma ba a wasa da ita. Mutum ɗaya tak ke ba direba umarni, da alamomin hannu da kowa ya sani, kuma idan direba ya daina ganinsa sai ya tsaya. Alamar tsayawa ce kaɗai ake karɓa daga kowa, ko da sabon ɗan koyo ne. Kayan da ke sama ana juya su da igiya daga nesa, ba da tafin hannu ba, domin yatsu da ƙafafu suna yawan maƙalewa ne a lokacin sauke kaya, sa'ad da mutum ya matso don ya gyara musu zama.

Game da zaɓen kwas ɗin, ka tambayi masu koyarwar ko za su yi gwajin aiki a kan irin injinku da irin kayan da kuke ɗagawa, domin takardar halartar aji ba ta nuna mutum ya iya. A ƙarshen horon kowane mai ɗauri ya ƙiyasta nauyin kaya a gaban mai gwaji, ya zaɓi maɗauri, ya faɗi dalilinsa, ya ɗaura, ya ba da ishara har a sauke. Daga nan ka rubuta sunayen waɗanda suka ci gwajin ka liƙa kusa da injin, ya zama su kaɗai ke da izinin taɓa ƙugiya, kuma a ba kowannensu ikon ƙin ɗagawa ba tare da tsoron hukunci ba. A maimaita gwajin lokaci zuwa lokaci, da duk sanda aka kawo sabon inji ko sabon nau'in kaya, da kuma duk sanda aka tsallake rijiya da baya, ko da babu wanda ya ji rauni. Idan masu kamfanin sun ce kuɗin ba zai kai ga kowa ba, ka zaɓi mutum biyu daga kowane rukunin aiki su bi direban zuwa kwas ɗin, domin ranar da ɗaya bai zo ba a sami wanda zai ɗaure kaya.