Wi-Fi ya ɓace bayan sa Ubuntu

Malam, ka ce tun da ka sa Ubuntu (tsarin gudanar da kwamfuta, madadin Windows) a laftof ɗin da ka sayo a kasuwar Taminus, Wi-Fi ya ɓace, ko alamarsa ba ka gani. Kada ka kai wa mai gyara tukuna, galibi direba ce babu, wato 'yar manhajar da ke sa na'urar Wi-Fi ɗin aiki. Don ka samu intanet ɗin sauke ta, jona wayarka da laftof ɗin da kebul mai ɗaukar data, ba irin na caji kawai ba, ka kunna raba intanet ta USB. Sai ka buɗe Terminal, manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta lspci don ka ga jerin na'urorin da ke cikinta. In sunan kamfanin Broadcom ya fito, shiga manhajar Additional Drivers ka zaɓi direbarsa, ka sake kunna kwamfutar.

Amma ga abin da ya cinye mini kwana biyu a kan tawa: muddin tsarin tsaron nan na Secure Boot na kunne a BIOS (saitunan da ake shiga tun kwamfuta na tasowa), direbar za ta sauka lafiya amma ta ƙi aiki. Ko dai ka kashe shi, ko ka tsaya a shuɗin allon nan da ke fitowa bayan sake kunnawa, ka zaɓi Enroll MOK, ka sa kalmar sirrin da Ubuntu ya ce ka ƙirƙira don Secure Boot tun kafin sake kunnawar. Don Allah kada ka wuce allon nan da sauri.