Amsa: Sayayya da cin abinci da abokai a lokacin Umara

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ku yi sayayya da cin abinci a waje kai da abokanka uku idan kun je Umara, ba tare da guzuri ya ƙare ko zumunci ya yi rauni ba.

Shawarata ita ce ku daidaita maganar kuɗin abinci tun kuna Zariya. Kowa ya zuba riyal daidai da na ɗan'uwansa a hannun mutum ɗaya mai amana, shi ne zai riƙa biya. Al'adarmu ta rige-rigen biyan kuɗi tana da kyau, amma na ga yadda ta sa wani abokin tafiyarmu a Madina ya riƙa cewa ya ƙoshi, alhali kunya ce ta hana shi faɗin cewa aljihunsa ya yi ƙasa, kuma abin ya daɗe yana damuna. Tiren shinkafar mandi guda da kaza yakan ishi mutum biyu ko uku, don haka kada kowa ya sayi nasa.

Game da tsaraba, a ƙananan shagunan jallabiya da turare ana yin ciniki kamar yadda muka saba a kasuwar Sabon Gari, amma a manyan kantuna irin su Bin Dawood farashin da ke rubuce shi ne.  Dabinon ajwa kuwa ku bari sai kun isa Madina, ku ɗanɗana kafin a auna muku, sannan ku duba nauyin kayan da tikitinku ya amince da shi.