Kada ka ɗauki zarto sai ka mayar da amsar

Ɗana, jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa nake tilasta maka mayar da amsa cikin lissafin farko, alhali ka bi kowane layi ba kuskure. Aje tef ɗin, matso ka gani.

Ga rufi, rabin faɗinsa mita 3, kuma ana so raftar, wato katakon da ke gangarowa daga ƙololuwar rufi zuwa gefe, ta ɗara tsayin tsakiya da mita 1. Mu kira tsayin h. Tsawon rafta shi ne tushen h² + 9, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka h² + 9 (h² na nufin h sau h, 9 kuma 3 sau 3 ce), saboda haka √(h² + 9) = h + 1. Tushen nan shi ya tare maka hanya. Ka ware shi a gefe guda shi kaɗai, sannan ka ninka kowane gefe da kansa. Hagu ya koma h² + 9. Dama kuwa h² + 2h + 1 ne, ba h² + 1 ba, kuma a nan na ga yara da yawa sun yi tuntuɓe. Cire h² da 1 a gefen biyu, saura 2h = 8, wato h = 4. Mayar da ita: tushen 25 shi ne 5, 4 da 1 ma 5. Rafta mita 5, je ka yanka.

Wannan ya zo da sauƙi, shi ya sa kake ganin dubawar ɓata lokaci ce. To, gwada wannan: √(x + 7) = x − 5. Ka ninka, ka sami x + 7 = x² − 10x + 25. Ka tattara su gefe guda, x² − 11x + 18 = 0, amsa ta fito biyu, 9 da 2. Sa 9: tushen 16 shi ne 4, 9 a cire 5 ma 4, ta zauna daram. Sa 2: hagu ya ba ka 3, dama ya ba ka −3. Ba ta shiga ba.

Daga ina 2 ta fito, tunda ba ka yi kuskure ba? Ninkawar da ka yi ce ta haife ta. Ka ninka 3 da kanta, 9 ce. Ka ninka −3 da kanta, 9 ce dai. Da zarar ka ninka, ka shafe bambancin da ke tsakaninsu, alhali alamar √ tushen da bai gaza sifili ba kaɗai take nufi. Ni kafin in fara ma sai na leƙa gefen dama: x − 5 ba zai yi ƙasa da sifili ba, ke nan duk amsar da ba ta kai 5 ba na san baƙuwa ce.

Wani lokaci ma ba wadda za ta tsira. √x = −2 zai ba ka 4, ka mayar ka ga tushen 4 shi ne 2. Lissafin ba shi da amsa, ka rubuta haka kada ka ji nauyi.

In tushen biyu ne, ware ɗaya ka ninka, ka sake ware wanda ya rage ka ninka. Dubawa kuma a layin farko za ka yi ta, inda tushen yake, don layukan tsakiya za su karɓi baƙuwar hannu bibbiyu. Ɗauki fensir ka yi mini √(2x + 3) = x, ka gaya mini wace ce za mu jefar.