Shin Kotun Ƙolin Amurka ta haramta zubar da ciki ne?

Tambaya: Malam, ni ungozoma ce. Ina yawan jin ana cewa Amurka ta haramta zubar da ciki, amma kuma sai in ji ana yi a wasu garuruwansu a fili. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Malama, duka biyun da kika ji akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu. Kotun ba ta haramta ba, hannunta ta cire daga maganar.

Tun 1973, a shari'ar Roe da Wade, kotun ta ce kundin tsarin mulkin ƙasar ya ba mace 'yancin zubar da ciki, kuma babu jihar da za ta hana kafin ɗan tayi ya kai matsayin da zai iya rayuwa a wajen mahaifa, wato wajen mako 24. Haka aka zauna kusan shekara 50. Sai jihar Mississippi ta yi dokar hanawa bayan mako 15, aka kai ƙara, wadda ake kira shari'ar Dobbs. Ranar 24 ga Yuni 2022 alƙalai biyar cikin tara suka rushe hukuncin Roe. Samuel Alito, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce kundin bai ambaci wannan 'yanci ba, don haka kowace jiha ta yanke wa kanta. Uku daga cikin biyar ɗin Donald Trump ne ya naɗa su.

Daga nan ƙasa ta rabu. Jihohi fiye da goma, irin su Texas da Alabama, suka hana kusan gaba ɗaya. California da New York suka bar ƙofa a buɗe. A Kansas da Michigan da Ohio jama'a sun kaɗa ƙuri'a sun kare 'yancin. A Florida kuwa, a 2024, kashi 57 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka goyi bayan kare 'yancin, amma kashi 60 ake buƙata, sai dokar jihar mai hana zubar da ciki bayan mako shida ta tsaya daram. Mai hali takan hau mota ko jirgi ta tsallaka wata jiha, wasu kuma ana aiko musu da ƙwayoyi ta gidan waya.

Inda abin ya fi damuna, kuma na san ke ma zai dame ki, shi ne ɗakin haihuwa. Dokokin hanin duk sun yi togaciya idan ran uwa na cikin haɗari, amma lokacin da aka fara aiki da su ba su fayyace ina haɗarin ya fara ba. A Texas likitan da aka samu da laifi zai iya shan ɗaurin rai da rai, da tarar aƙalla dala dubu 100, ya kuma rasa lasisinsa. To wane likita ne ba zai yi jinkiri ba? Amanda Zurawski, wata mata a Texas wadda daga baya ta ba da shaida a gaban majalisar dattawan ƙasar, faya ta fashe mata cikinta na mako 18. An san jaririyar ba za ta rayu ba, amma saboda zuciyarta na bugawa aka sallami uwar gida, har sai da cuta ta shiga jininta aka kwantar da ita a sashen kulawa ta musamman. Ita fa haihuwar take nema ido rufe. Ta kai ƙara tare da wasu mata suna roƙon a fayyace togaciyar, amma a watan Mayun 2024 kotun ƙolin Texas ta ƙi amincewa da buƙatarsu.